Rabin da Ke Ƙarƙashin Ruwa

Daga Savelugu zuwa bakin teku tafiya ce ta fiye da kilomita 600 a mota. Garin yana kan hanyar Tamale zuwa Bolgatanga, cikin ƙasar Dagomba, inda rani yake da tsawo, ƙasa takan bushe har ta tsattsage, mata kuma su yi sammakon neman ruwa. Da yawa daga cikin tsofaffin garin sun koma ga Mahaliccinsu ba su taɓa ganin teku da idonsu ba. Duk da haka, da wuya a sami baligi a Savelugu, ko a zangon Yendi, ko na Salaga, ko na Bawku, wanda bai taɓa jin sunan Mami Wata ba. An ga hotonta a bayan manyan motocin da suke ɗauko kaya daga kudu, an gan shi a shagunan aski da takardun tallar fim. Mace ce kyakkyawa mai dogon gashi, riƙe da madubi da mataji, wani lokaci da maciji a wuyanta. Daga ƙugu zuwa sama mutum ce, daga ƙugu zuwa ƙasa kifi.

Mai karatu zai iya cewa wannan tatsuniya ce, ba ta cancanci a ɓata takarda a kanta ba. Amma ruwa ba ya tsami banza. Abin da mutane suka yi ta zanawa, suna sassaƙawa, suna ba 'ya'yansu labarinsa ƙarni bayan ƙarni, lalle akwai abin da yake ɗauke da shi. Wace gaskiya ce game da zuciyar ɗan Adam aka ajiye a cikin wannan siffa? Wane amfani kuma za ta yi wa mutumin da yake zaune a tudu, nesa da teku?

Doguwar tafiyarta

Girkawan dā suna da wasu halittu da suke kira Sairin. A cikin Odisi, doguwar waƙar Homer, an ce suna zaune a wani tsibiri suna rera waƙa mai daɗi, duk matuƙin jirgin da ya ji sai ya karkata wajensu, ba ya kuma komawa gida. Kewaye da su ƙasusuwan waɗanda suka riga shi ne. Alkawarin da suka yi wa Odisiyas, gwarzon waƙar, na ilimi ne, wato sanin duk abin da yake faruwa a bayan ƙasa. Shi kuwa da yake an riga an gargaɗe shi, sai ya toshe kunnuwan mutanensa da kakin zuma, ya sa suka ɗaure shi tamau a itacen tsakiyar jirgi. Ya ji waƙar, ya yi ta roƙo a kwance shi, su kuwa sai ƙara ɗaure shi suka yi har jirgin ya wuce. A zanen tukwanen Girkawa waɗannan halittu tsuntsaye ne masu kan mace. Sai wajen ƙarni na 8 bayan haihuwar Almasihu aka fara kwatanta su a littattafan Turai da wutsiyar kifi.

Ikkilisiyar Turai ta karɓi siffar ta mai da ita abin koyarwa. A zamanin da yawancin jama'a ba su iya karatu ba, akan sassaƙa ta a ginshiƙan majami'u da kujerunsu, riƙe da madubi da mataji, domin mai shigowa sujada ya gani ya tuna cewa jaraba ba ta zuwa da mummunar fuska. A ƙauyen Zennor da ke kudu maso yammacin Ingila, akwai wata tsohuwar kujera a majami'a mai irin wannan sassaƙa, wadda ake ƙiyasta ta kai shekara 500 ko fiye.

A watan Janairu na 1493, Kiristofa Kolumbus ya rubuta a littafin tafiyarsa cewa ya ga 'yan ruwa uku kusa da tsibirin da ƙasashen Haiti da Jamhuriyar Dominika suke a yau, ya kuma yi ƙorafi cewa kyansu bai kai yadda ake zana su ba. Masana suna ganin ayu ne ya gani. Masuntan Kwara da Binuwai sun san ayu sarai, akwai shi kuma a tafkin Volta. Dabba ce mai nauyi, marar faɗa, ciyawar ruwa take ci, tana shayar da ɗanta da nonon da ke kusa da hammatarta. Sunan da masana kimiyya suka ba dangin ayu ma daga sunan Sairin aka ciro shi. Mutumin da ya yi wata da watanni a kan teku ya hangi kan ayu daga nesa, zuciyarsa ta ƙarasa masa sauran zanen. Kallon kitse ya yi wa rogo.

A Afirka kuwa, tun kafin jirgin Bature ya iso, mutane sun ɗauka ruwa yana da mai shi. Duk ɗan Hausa ya san labarin rijiyar Kusugu ta Daura da macijin da yake hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. 'Yan bori suna da Sarkin Rafi, Sorkawa da Zabarmawa na bakin Kwara suna da Harakoy Dikko, Yarabawa suna da Yemoja da Oshun. Da Turawan Fotugal suka gina ganuwarsu a Elmina a 1482, jiragen Turai suka yi ta kawo madubai da duwatsun ado da yadi, sai tsohon imani ya haɗu da sabuwar siffar da baƙin suka zo da ita. Sunan Mami Wata kansa daga Turancin buroka na bakin teku ya fito, ma'anarsa uwar ruwa. Wato tun haihuwarta tana tare da ciniki, da baƙo, da kayan da suka fito daga hayin teku.

Hoton da ya fi kowane yaɗuwa yana da labari mai ban mamaki. A shekarun 1880, maɗaba'ar Adolph Friedländer da ke Hambug a Jamus ta buga takardar talla mai launi domin wata mace mai wasa da macizai, irin sana'ar gardawa, wadda take yawo a biranen Turai da sunan Nala Damajanti. Tana shiga irin ta matan Indiya, amma masu bincike sun sami shaidar da take nuna Bafaranshiya ce. Takardar ta iso gaɓar Afirka ta Yamma, mutane suka duba suka ce ai Mami Wata ce. Henry Drewal, malamin jami'a Ba'amurke wanda ya yi shekaru yana bin sawun hoton, ya ruwaito cewa wajen 1955 wani kamfanin buga kalanda a Bombai ta Indiya, wato Mumbai ta yau, ya sake buga kwafi 12,000 ya aika wa 'yan kasuwa biyu a Kumasi. Kumasi kuwa ita ce mahaɗar hanyoyin da suke tafiya arewa.

To, ga abin da ya kamata a tsaya a kansa. A wannan hoto babu wutsiyar kifi ko kaɗan. Mai zanen ya yanke hoton a ƙasa da ƙugu, bai nuna ƙafa ba, bai nuna wutsiya ba. Masu kallo ne suka ce abin da aka ɓoye kifi ne. Sun fahimci abin da masassaƙan majami'u suka fahimta, cewa asirin wannan halitta yana wurin da ido ba ya kaiwa. Rabin da ke sama, mai gashi da zinariya, kowa yana ganinsa kyauta. Rabin da ke ƙarƙashin ruwa kuwa, sai wanda ya riga ya shiga yake saninsa.

Kyauta da sharaɗinta

Labaran da ake bayarwa a kanta a ƙasashen Afirka sun bambanta a ƙananan abubuwa, amma ƙashin bayansu ɗaya ne. Mutum yakan gamu da ita a bakin ruwa ko a mafarki, ko ya tsinci matajinta. Sai ta yi masa alkawarin kuɗi da farin jini da sa'ar kasuwa. Sharaɗi yana biye: kada ya faɗa wa kowa, kada ya kusanci wata mace a ranakun da ta keɓe, wani lokaci ma kada ya yi aure ko ya haihu sam. In ya karya alkawari, dukiya ta watse, ko hankali ya gushe, ko rai ya tafi. A littafin Efuru na Flora Nwapa, wanda ya fito a 1966, Uhamiri uwar tafki tana ba matan da suke bauta mata kyau da arziki, amma ita kanta ba ta da ɗa. Masu zane na Kinshasa da Lubumbashi a ƙasar Kwango sukan sa mata agogo a hannu, alamar kayan Bature da albashin birni. Har a tatsuniyar da Hans Christian Andersen na Danmak ya buga a 1837, inda 'yar ruwan ce take sha'awar rayuwar tudu, cinikin bai sake ba. Ta sami ƙafafu, ta biya da muryarta, kowane taku kuma kamar a kan wuƙa.

Adalci ya sa a faɗa cewa ba kowa yake ganinta mayaudariya ba. A bakin tekun Gana da Togo da Benin akwai masu yi mata hidima, waɗanda suke ɗaukarta mai warkarwa. A cikin Dare Dubu da Ɗaya ma akwai labarin Abdullahi masunci da takwaransa na cikin teku, wanda yake ba shi lu'ulu'u a madadin 'ya'yan itace ba tare da cuta ba. Hukunci a kan imanin mutane wata magana ce dabam. Darasin da siffar take ɗauke da shi kuwa yana nan ko ga wanda bai yarda akwai ta ba.

Darasin shi ne, babu ribar da ba ta da rabi na biyu. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. A cinikin gaskiya ana baje rabin biyu a fili, mai saye ya ga kaya, ya ji farashi, ya taya, in bai yi masa ba ya tafi abinsa. Manomin doya ya sani tun kafin ya sa fartanya cewa zai biya da gumi da watannin jira. A cinikin Mami Wata ana nuna kaya, ana ɓoye farashi, ana kuma hana mutum shawara da kowa. Abu mafi muni, kuɗin da ake biya da shi mutane ne: matar da ba a aura ba, ɗan da ba a haifa ba, 'yan'uwan da aka ɓoye wa asiri. A ƙasar da ake auna arzikin mutum da yawan jama'arsa, labarin yana cewa wannan mutum ya sayar da jama'a ya sayi kaya.

Abin da Salaga ta gani

Mutanen Gwanja ba sa bukatar tatsuniya kafin su gane irin wannan ciniki. A ƙarni na 19 Salaga tana cikin manyan kasuwannin Afirka ta Yamma. Ayarin fatake yakan taso daga Kano da Katsina da Sakkwato, ya yi watanni a hanya, ya biyo ta Sansanne Mango da Yendi, ya sauke kanwa da tufafi da fatu, ya ɗauki goron da aka kawo daga dazuzzukan Asante. Wannan shi ne rabin da ke sama, na madugai da manyan riguna da malamai irin su Alhaji Umaru, ɗan Kano wanda ya zauna a Salaga kafin ya koma Kete Krachi. Rabin da ke ƙasa kuwa yana wurin rijiyoyin da har yau ake kira da sunan Hausa, Wankan Bayi. A nan ake yi wa mutanen da aka kamo wanka, a shafe su da man kaɗanya domin jikinsu ya yi sheƙi a idon mai saye. Wanda ya sayi doki ko alkyabba da kuɗin bawa bai ji kukan uwar da aka bari a ƙauye ba, gama tsarin cinikin ya sa kukan ya yi nisa da kasuwa. Yaƙin basasa na 1892 ya watsa Salaga, fatake suka bazu, garin bai sake komawa yadda yake ba.

A 1965 aka gama madatsar ruwa ta Akosombo. Ta ba Gana wutar lantarki, ta kuma haifi tafki mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8,500. Ruwan ya cinye garuruwa da ƙauyuka, har da tsohon Kete Krachi, aka tashi mutane wajen 80,000. Itatuwan da ba a sare ba suna nan tsaye a ƙarƙashin ruwa, suna kama ragar masunta, suna fasa kwale-kwale. Shekaru da yawa hukumomi da ƙungiyoyin kare yara sun yi ta ceto yara ƙanana daga garuruwan kamun kifi irin su Yeji. Yara ne da aka karɓo daga iyaye matalauta da alkawarin koyon sana'a, ana tura su nutso su kwance raga daga kututture. Wasunsu ba su fito ba. Busasshen kifin yakan iso kasuwa, mai miya ta saya, ba ta ga abin da ke ƙarƙashinsa ba.

Sabon zamani bai sake komai ba sai riga. A 2018 hukumar kula da hannun jari ta Gana ta dakatar da wani kamfanin cinikin zinariya a Akra wanda yake alkawarin ribar kashi 7 zuwa 10 cikin 100 kowane wata, kuɗin dubban mutane ya maƙale, har da na 'yan fansho. Samarin da suke damfara ta intanet ana kiran sana'arsu sakawa, kalmar da aka ce daga Hausar zango ta fito, kuma jita-jitar da ake yi a kansu tsohon labarin nan ne: kuɗi da gaggawa, asirin da ba a faɗa, mutuwa da ƙuruciya. Masu haƙar zinariya ba bisa doka ba sun mai da kogunan Pra da Ankobra da Offin ruwan laka mai guba. Zoben yana hannun wani, gubar tana cikin tulun wani.

Kurkunu a Savelugu

Savelugu kuwa ta san rabin da ke ƙarƙashin ruwa a jikinta. Kurkunu yana shiga mutum ta ruwan tafki mai ɗauke da wasu ƙananan ƙwari da ido da ƙyar yake ganinsu. Mutum ya sha, ƙishirwa ta tafi, ba ciwo ba zazzaɓi. Sai bayan kusan shekara guda bororo ya fito, yawanci a ƙafa, yana zafi kamar wuta, farar tsutsa mai iya kai tsawon mita ɗaya ta fara leƙowa. Ba ƙwaya ba allura, sai dai a naɗe ta a tsinke kaɗan kaɗan, makonni ana yi. Mai ciwon yakan tsoma ƙafar a ruwa don ya ji sanyi, tsutsar ta zuba dubban 'ya'yanta, tafkin ya sake ɗaukar cutar domin baɗi. A 1989 an ƙidaya masu kurkunu kusan 180,000 a Gana. Manoma sun kwanta a lokacin aikin gona, yara sun bar makaranta.

An yi ta fama har adadin ya ragu ƙwarai. Amma a 2006 ruwan famfon da yake zuwa daga wajen Tamale ya yanke na tsawon lokaci, mutane suka koma sayen ruwan da 'yan garuwa suke ɗebowa daga dam. A farkon 2007 cutar ta fashe a Savelugu, da yawan waɗanda ta kama yara ne. A watan Fabrairu na shekarar, tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter, wanda cibiyarsa ta fara yaƙi da kurkunu a 1986, ya zo garin ya ga yara suna kuka ana jan tsutsa daga ƙafafunsu.

A nan dole a tsaya a yi wa misalin gyara. Uwar da ta sayi wannan ruwa ƙishirwa ce ta kai ta. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, gaskiya ne, amma ba duk wanda ya shiga wahala ne kwaɗayi ya buɗe masa ƙofa ba. Yarinyar da ta bar Savelugu ko Walewale ta tafi dako a kasuwannin Kumasi da Akra, tana kwana a barandar shago, sau da yawa tukwane da zannuwan aure take nema, ko kuɗin makarantar ƙanenta. Uban da ya ba da ɗansa ga masunci yakan yi haka ne rumbunsa a wofi. Mai wa'azin da ya tsaya a kan tudu yana cewa su guji Mami Wata, alhali bai taimaka musu da ko rijiya ɗaya ba, rabin gaskiya ya faɗa, rabin gaskiya kuwa ita ce sana'ar Mami Wata. Nauyi mafi girma yana kan wanda ya san abin da ke ƙasa ya yi shiru, ko mai sayarwa ne, ko dillali, ko mai mulkin da ya bar jama'a ba su da zaɓi.

Laifi tudu ne

Akwai wani haɗari kuma a cikin labarin kansa. Kusan ko'ina siffar ta mace ce, masu zanen kuwa yawancinsu maza ne. Namiji ya yi sha'awa, ya bi, ya faɗi, sa'an nan ya zana hoton mace ya ce ga mai laifi. Laifi tudu ne, mutum ya taka nasa ya hango na wani. Daga nan sai a fara nuna yatsa. 'Yar kasuwar da ta yi shekara 20 tana sammako tsakanin Bawku da Sinkase har ta gina gida, a ce tana da abin ruwa. Kyakkyawar budurwar da ba ta yi aure da wuri ba, a ce mijinta yana cikin kogi. Matar da ba ta haihu ba, a ce ta sayar da mahaifarta. Zargi irin wannan ba wasa ba ne a arewacin Gana. A Gambaga, da Kukuo, da Gnani kusa da Yendi, akwai unguwannin da matan da aka kora da zargin maita suke fakewa. A watan Yuli na 2020, a Kafaba kusa da Salaga, an doke wata tsohuwa mai shekara 90 har ta mutu, jama'a suna tsaye suna kallo. Labarin da aka ƙaga domin mutum ya binciki zuciyarsa, in ya zama sandar dukan maƙwabci, gara ma ba a taɓa jin sa ba.

Shi ya sa madubin da ke hannunta ya cancanci a sake dubansa. Masassaƙan Turai sun sa shi alamar girman kai da son ado. Amma madubi yana da wata ɗabi'a, duk wanda ya matso ya leƙa, fuskarsa zai gani. Odisiyas mai son sani ya ji alkawarin ilimi. Kolumbus ya nemi mace a jikin ayu. Ma'aikacin Kinshasa ya ga agogo, mai ajiyar kuɗi a Akra ya ga kashi 10 cikin 100. Ba ta taɓa kawo wa kowa sha'awar da bai zo da ita ba. Mutumin da yake so ya san irin Mami Watar da za ta iya kama shi, sai ya tambayi kansa abin da yake kwana yana tunani a kai, abin da zai yarda ya ɓoye wa matarsa ko mahaifiyarsa domin ya samu.

Ƙyallen tacewa

Yadda aka gama da kurkunu a Savelugu yana da abin koyi. Ba wanda ya ce a daina shan ruwa, gama ruwa rai ne. Haka nan neman arziki da son kyau da sha'awar ganin duniya ba zunubi ba ne a kan kansu. Abin da aka yi shi ne aka raba wa gidaje ƙyallen tacewa, aka ba manoma da makiyaya ɗan bututun da ake ratayawa a wuya a tsotsi ruwa ta cikinsa, aka zuba magani a tafkuna, aka sa masu gadi a bakin dam su hana mai ciwo shiga, aka kuma ƙara samar da ruwa mai tsabta. 'Yan sa kai na ƙauyuka suna zagawa gida gida suna rubuta kowane mai ciwo. Wato cutar da take rayuwa a ɓoye, da bayyanawa aka kashe ta. Mutum na ƙarshe da ya yi kurkunu a Gana an same shi a watan Mayu na 2010 a Diare, arewa da Savelugu, a 2015 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ƙasar ta rabu da cutar.

Ƙyallen tacewa na zuciya ba shi da wuyar samu. In aka kawo wa mutum wata riba, ya tambaya daga ina take fitowa, wa zai biya, yaushe kuma. In aka ce masa kada ya gaya wa kowa, wannan kaɗai ya isa ya sa ya gaya wa wani. In ya san kansa da rauni, ya yi irin dabarar Odisiyas, ya sa masu ƙaunarsa su ɗaure shi tun jirgi bai kai tsibirin ba, ya kuma ba su izinin ƙin jin roƙonsa. Wanda yake da iko ko ilimi ko dukiya kuwa, kada ya tsaya ga gargaɗi. Ya taimaka a sami ruwa mai kyau a kusa, domin mai ƙishirwa ba ya jin wa'azi.

Motocin kudu za su ci gaba da wucewa ta Savelugu, wasunsu da hotonta a baya, yara kuma za su ci gaba da tambaya ko da gaske akwai ta. Iyaye suna iya ba su amsar da imaninsu ya koya musu. Amma zai yi kyau su ƙara da nuna wa yaron wurin da fenti ya sake launi a ƙugunta, su tambaye shi: in wani ya nuna maka rabin sama kaɗai, me za ka nemi gani kafin ka miƙa hannu?